Fenti Bai Rufe Ba

"Shafe shi," in ji sakataren jam'iyyar ma'aikata, ya jefa wa mai zane tsohon ƙyallen zanga-zanga. "Kwamiti ya gama magana. Ba ma goyon bayan haɗewar ƙasashen nan. Aka buɗe iyaka, masaƙarmu ta mutu."

Mai zanen ya ja tsaki. "Haba Kwamared! Shekaranjiya kun ce muna so, jiya kun ce sai an duba. Ni kaɗai zan yi ta shan warin fenti?"

"Kai dai rubuta: A RUFE IYAKA."

Ya shafe, ya rubuta, yana ƙunƙuni.

Ranar tattaki mai zanen ya riƙe sanda ɗaya ta ƙyallen. Ɗayar kuwa surukinsa, mijin ƙanwarsa, ne ya ɗauka kamar kullum, masaƙin da ya ƙetaro wannan iyakar shekara ashirin da suka wuce.

Da rana ta haska ƙyallen ta baya, sai tsohon rubutun ya fito ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin fentin: TALAKA ƊAN'UWAN TALAKA NE, KO DAGA INA YAKE.

Surukin ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo.

"Yaya," ya ce a hankali, "wanne za mu rera? Na sama, ko na ƙasa?"