Gidan Hayar da Ya Kuɓuce wa Nieves

Nieves Lahoz shekararta talatin da uku, direbar babbar motar fasinja ce a birnin Zaragoza, amma har yanzu a ɗakin da ta yi ƙuruciya take kwana, a gidan mahaifiyarta. Ba lalaci ne ya zaunar da ita ba. Kuɗin haya ne ya yi tashin gwauron zabi, sai bana albashinta ya kai ta tunkari dillali.

Gidan da ta gani a unguwar Delicias ƙarami ne, hawa na uku, ciki da falo. Ta buɗe famfo, ta ƙwanƙwasa bango, ta leƙa ta taga, ta ce ta ɗauka. Leandro dillali ya karɓi takardun albashinta yana washe baki.

"Mai albashi tsayayye? Ai irinki ake nema," in ji shi. "Saura kamfanin inshora ya duba sunanki. Kin san masu gidaje yanzu ba sa sakin makulli sai da yardarsa."

Nieves ta yi dariya. "Su duba har sunan kakata. Ban taɓa cin kuɗin kowa ba."

Gaskiya ta faɗa, duk wanda ya san ta zai shaida. Sai dai, mai karatu, akwai wata tsohuwar rigima. Shekarun baya ta sauya kamfanin intanet na gidansu, ta mayar wa tsohon kamfanin akwatinsa mai kawo intanet har shago, ta fita da sauri don kada ta makara aiki. Maganar rasit ko a ranta. Can sai ga saƙo, wai akwati bai iso ba, ta biya yuro tamanin.

Nieves kuwa ba a taka ta ta ƙyale. Ta wanke su tas ta waya, ta kashe. Wasiƙunsu na zuwa tana yagawa ba tare da ta buɗe ba. Ran Lahadi, ana cin shinkafa da naman zomo, takan ba dangi labarin yadda ta gagari kamfani sukutum, a yi ta tafa mata. Babu wanda ya ce ta kai ƙorafi a rubuce. Ina za a samu mai faɗa mata haka, tunda kusan kowa a teburin yana da irin wannan labarin, kuma da alfahari yake ba da shi.

Da Leandro ya sake kiran ta ofis, babu fara'a a fuskarsa.

"Sunanki yana cikin rajistar masu taurin bashi. Inshora ta ƙi."

"A kan akwatin da na mayar da hannuna?"

"Su ba sa tambayar wa ke da gaskiya, 'yar uwa, suna kawai suke gani. Ko yau kika biya, gogewa sai ta ɗauki lokaci, ga wasu na layi a bayanki. Hanya ɗaya ta rage. Ki kawo mai tsaya miki, wanda yake da gida na kansa."

Da ƙyar ta iya gaya wa mahaifiyarta. Uwar, Doña Casilda, mijinta ya daɗe da rasuwa, da aikin goge matakalar gidajen mutane ta biya kuɗin ɗan gidan da suke ciki. Washegari ta sa rigarta ta zuwa coci, ta shafa jan baki, ta cusa takardar mallakar gida a jaka, ta tasa 'yarta gaba har ofishin dillali.

"Ina zan sa hannu, ɗan nan?"

Leandro ya gyara zama. "Doña Casilda, dole in fayyace miki. In 'yarki ta kasa biya, ko don ciwo ko don rasa aiki, ke za a bi. Fanshonki da gidanki duk suna ciki."

"Na ji. Ni na haife ta, na san abin da na haifa. Miƙo biro."

Nieves ta dubi hannun da ya riƙe biron. Yatsun duk sun kumbura, sun kanannaɗe saboda ruwan sanyi da sabulu. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta sa hannu ta zare biron.

"Mama, ajiye."

"Ke, kada ki ba ni kunya gaban mutane."

"Taurin kaina ne ya ɓata min suna, ba naki ba. Gidan da kika saya da gwiwoyinki ba zai zama jinginar akwatin intanet ba." Ta juya ga dillali. "Leandro, ka ba na bayana gidan."

Kafin yamma an ba wasu ma'aurata makulli. Nieves ta biya yuro tamanin ɗin, ta kuma shigar da ƙorafinta a rubuce, abin da ya kamata ta yi tun farko. Lokacin da sunanta ya wanku, haya ta ƙara tashi, irin wancan gidan ya fi ƙarfin albashinta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don motarta kullum ta titin gidan take bi.

Doña Casilda kuwa ta samu abin faɗa. Duk mai kifi da mai burodi a kasuwar unguwa ya ji daga bakinta: "'Yata ta gwammace ta rasa gida da ta taɓa nawa."

Mai karatu, riƙe gaskiya a ciki bai isa ba, sai ka kare ta da shaida. Ka karɓi rasit, ka amsa wasiƙa, ka binciki sunanka kafin wani ya bincika. Ƙaramin bashin da ka raina, ko da na zalunci ne, yana iya rufe maka ƙofar gida.