Injin Bakin Teku

A tsakiyar tafkin Titikaka, can kan tsaunuka, injin kwalekwalen ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya mutu.

Kwalekwalen ya tsaya cak a kan ruwan da ya haɗiye sama, gajimare na yawo a ƙarƙashinsa. Mai tuƙin ya ja igiyar injin, ya sake ja, yana haki. Injin sabo ne dal, daga birnin Lima na bakin teku ya hawo da shi don ya ɗauke tsohuwarsa daga tsibirin ciyayi, ta koma birni kusa da asibiti.

"Na rantse, Inna, a bakin teku ruri yake yi!"

Tana zaune kan ƙunshin kayanta, tana tauna ganyen koka, goron mutanen tsaunin.

"To ai can ne gidansu," ta ce. "Iskarmu ta kan dutse ta yi masa kaɗan. Ƙyale shi, ɗan nan. An raba shi da iskarsa, me kake so ya yi?"

Ta shafa murfin injin kamar mai lallashin jariri.

Ya daɗe yana kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka a natse. Sannan ya ɗauki filafili, ya juya kwalekwalen wajen tsibirin, inda tokar murhunta ba ta gama hucewa ba.