Turken Ƙirya a Bakin Kwazazzabo

Na karanta takardar neman aikin naki, Tasalla. "Za mu inganta rayuwar manoma." Madalla, baki ya yi zaƙi. Manoman wane gari, su nawa, zuwa yaushe? Kin ce abokan aikinki sun hana ki faɗa, wai kada a kama ku da shi gobe. To, ja kujera ki ji wani misali.

A wani gari kwazazzabo ya rabu baki biyu, kowane baki ya doshi maƙabarta, duk damina sai ya gatsi ƙasa ya matso. Mai gari ya tara jama'a ya ce zai raba 'yan gayya gida biyu, wa zai ja aikin? Manoma biyu suka miƙe. Na farko gwanin magana ne. Ya ce zai yaƙi zaizaya, ya kyautata ƙasa, ya kare martabar magabata. Aka yi ta gyaɗa kai ana sa masa albarka, aka ba shi bakin gabas. Na biyu bai iya tsara zance ba. Turken ƙirya ya saɓo, ya je ya kafa shi tsakanin bakin yamma da layin kaburbura na farko, inda mahaifinsa yake kwance. Ya juyo ya ce, "In aka yanke gero kwazazzabo ya ci turken nan, na kasa. Ku karɓe aikinku, ku faɗa a kasuwa." 'Yan uwansa suka kama baki. Wane irin mutum ne zai sassaƙo shaidar da za ta tona masa asiri, ya kafa ta da hannunsa a bainar jama'a?

Marka ta kankama. Duk ruwan da aka ɗauke sai ya je ya gwada tsakanin turke da bakin rami da ƙotar fartanyarsa, kullum kuwa tazarar raguwa take yi. Buhunan yashin da ya jibge ruwa yana kwashe su kamar ana share tsakar gida. Yayansa ya ja shi gefe ya ce ya tuge turken ya matsar da shi baya kaɗan, ai babu wanda ya auna. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Yaya, in na matsar da turke, kabarin Baba ma matsar da shi zan yi?" Ya bar shi tsaye a nan. Da yake turken ya gaya masa gaskiya tun da sauran lokaci, sai ya watsar da buhuna, ya bi ruwan har inda yake tarowa a kan tudu. Ya sa aka yanka masa hanyoyi ya rarrabu, aka jera duwatsu, aka dasa jema da kashe-kwari a gefen ramin. Masu dariya suna yi, shi ko kallo ba su ishe shi ba. Can gabas kuwa, duk wanda ya tambayi gwanin magana sai ya ce ana kan aiki, ana samun ci gaba. Babu mai iya ƙaryata shi. Abin tausayin ma, shi kansa bai san ko gaba yake yi ko baya ba, don bai ajiye abin da zai gwada da shi ba.

Aka yanke gero, gari ya fito kallo. A yamma turke yana nan, ya ɗan karkace, tsakaninsa da rami bai fi ƙota ɗaya ba, amma yana tsaye, kabari kuma ko tsagewa bai yi ba. A gabas likkafani aka aika a sayo, dattawa suka shiga rami suna tsintar ƙasusuwan iyayensu don a sake binnewa. Gwanin magana ya tsaya yana cewa shi dai yaƙi ya ce zai yi, kuma ya yi. Gaskiyarsa, bai karya alkawari ba, tunda bai ɗauki ko ɗaya ba. Dattawa dai suka ci gaba da tsintar ƙasusuwa a cikin ramin.

Don haka ɗauki takardarki, Tasalla, ki koma ki kafa turkenki. Ki ambaci garin, ki faɗi gonakin, ki sa rana. Masu cewa za a kama ki, ki ce musu kin ji, a zo a kama. Wanda ya ƙi kafa turke kunyarsa kawai ya jinkirta, ya kuma hana kansa ganin ramin yana tahowa. Hausawa sun riga sun gama magana: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.