Fitilun da Ban Kashe Ba

Murjani na uku ya yi fari fat da safen nan. Na durƙusa gaban tankin gilashin kifi da murjanin teku da mijina ya bari, wayarsa a hannuna, na kira mai shagon kifin.

"Malam, mutuwa suke yi! Na ƙure fitilun LED ɗin, fari da shuɗi duka, amma kullum ƙara koɗewa suke."

"Awa nawa kike barin su a kunne?"

"Ba na kashewa."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar jana'iza."

"Haba Hajiya! Murjani halitta ce mai rai, ba furen roba ba. Hasken ne ke ƙona su. Buɗe manhajar fitilun a wayarsa, ki nemo tsarin da marigayi ya ajiye, ki danna."

Na nemo shi a fuskar wayar. Layi ne mai hawa kamar tudu: shuɗi kaɗan da hantsi, fari da azahar, sannan ya gangara ya kwanta a sifili. Awa goma sha biyu na duhu. Shekara biyu mijina ya yi yana gyara wannan layin.

"In fitilun suka ɗauke, falon zai yi duhu," na ce. "Ni kaɗai ce a gidan."

"Ki bar murjanin su yi barci, Hajiya."

Na danna.

Da magariba hasken ya fara janyewa a hankali, yadda mijina ya koya masa. Na zauna kusa da kujerarsa, hannuna a kan makunnin fitilar falon, ban kunna ba.