Faifan Tsatsa na Ƙarshe

Kabir ya sake mayar da waƙar baya, ya matse na'urar sauraro a kunnuwansa. Muryar Yahya ta fito a dishe, tana tsinkewa tana dawowa, iska na kaɗa ta.

Su uku ne suka kafa ƙungiyar Tsatsa a wani shago bayan tashar Ƙanƙara: Yahya mai waƙa, Kabir mai jita da haɗa sauti, sai Gide mai ganga. Kiɗansu ba na biki ba ne. Jitar Kabir gurnani take yi kamar ana jan kwanon rufi a kan dutse. Yahya yakan fara a hankali, can sai ya ɓarke da ihu. Shi kuwa Gide, tun da injin niƙa ya taɓa masa yatsu, bugunsa na uku kullum sai ya makara kaɗan, kuma wannan ɗingishin ne ya zama tambarinsu. Dattawa sun ce hayaniya ce. Samarin Faskari da Sabuwa kuwa tura ta suke yi daga waya zuwa waya.

Da damina 'yan bindiga suka tare motar da Yahya ke ciki a hanyar Sheme, suka shige da shi daji. Shi kaɗai suka kira da suna.

Duk lokacin da suka bugo wa matarsa Safara'u, sai ta ƙi yarda yana raye har sai ta ji shi. "Ku ce ya yi mani waƙa," in ji ta. Suka yi dariya, suka kara masa wayar a baki. Bai rera ko ɗaya daga cikin tsofaffin ba. Sababbi ya riƙa yi, ita kuwa tana naɗa a wayarta.

Daga baya kiran ya ɗauke. Wani mutumin Mabai da ya tsere daga hannunsu ya ce zazzaɓi ya kashe mawaƙin, da hannunsa ya taya binne shi.

Duk wannan Gide ba ya gari. Ya ce yana Sabuwa wajen jinyar mahaifiyarsa, inda waya ba ta shiga. Ya dawo ana zaman makoki, ya rame, ya yi baƙi, kuma babu wanda ya kai shi kuka.

Bayan ta fita takaba, Safara'u ta kawo wayar shago. "Yaya Kabir, ku ƙarasa mashi faifan nan. Kada muryarshi ta ƙare a aljihuna."

Waƙoƙin gajeru ne, ba mai cikakken ƙarshe. Ɗaya a kan gonar masara a Tafoki da ta nuna ba mai girbe ta. Ɗaya a kan 'yarsu Amatullah da ta fara haƙori ba ya nan. Ta ƙarshe kalma biyu ce kawai, "buɗe ƙofa", yana maimaitawa har maƙogwaronsa ya dushe. A bayansa ana jin kukan shanu, da babura, da wasu ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe da ba a rarrabewa.

Abin da ya ba Kabir mamaki shi ne mutum a ɗaure, cikin yunwa, amma bai kauce wa ƙa'idar kiɗa ko sau ɗaya ba. Kabir ya sha wuya kafin jitarsa ta zauna. Gide kuwa ya riƙe sanduna, ya rufe ido, ya buga kowace waƙa a karo ɗaya, bai nemi a maimaita masa ba.

"Ƙara wa gangar ƙarfi," in ji shi yana share gumi. "Rufe hayaniyar dajin nan. Ba ni iya jin ta."

Kabir ya ƙara. Shi ma ba ya iya jin ta.

Daga nan Gide ya riƙa sammako shago. An gama? Yaushe za a saki? Wata safiya ya ce a goge waƙoƙin asalin da ke wayar Safara'u. "Mi za a yi da su? Tayar wa Safara'u da hankali kawai." Kabir ya ce ba nasa ba ne da zai goge. Gide ya fita bai yi sallama ba.

Ana gobe za a saki faifan, Safara'u ta dawo da Amatullah a goye. "Ina son guda ɗaya ba kiɗa," ta ce. "Muryar ubanta kaɗai, don in ta girma ta san shi."

Kabir ya zaunar da ita a benci, ya buɗe waƙar ƙarshe. Ya kashe jitarsa. Ya kashe gangar Gide. Ya tace ƙarar iska, ya ɗaga abin da ya rage yadda bai taɓa ɗagawa ba.

Sai ya ji kamar ganga. Ya leƙa na'urar don ya tabbatar: gangar a kashe take.

Amma kiɗan bai tsaya ba. Can a cikin dajin, dab da Yahya, wani yana buga masa jarka da hannu, kuma bugun na uku yana makara kaɗan.