Lambar Sirrin Mawuli

Ɗana Mawuli ne ya haɗa mini wayfai wata biyu kafin ya rasu, kuma ban taɓa canja lambar sirrin ba. Shekara uku ke nan duk gidan hayarmu na Lome a kai yake, saƙo ɗaya sai ya yi minti biyar bai tafi ba.

Ranar Lahadi Fo Yaovi na ɗakin sama ya sauko da kwalbar giyar sodabi, sanye da kayan coci. Ya zauna, ya kalli akwatin wayfai, ya kalli takalminsa.

"Maman Mawuli, aurenki na zo nema."

"Ni ko intanet? Wayoyi goma sha bakwai na gani a kai jiya. Uku naka ne."

"Ɗaya ta ƙanwata ce," in ji shi a hankali.

"Asusun bankina ma tsoron buɗewa nake."

"To, ki canja lambar mana."

Na kalli akwatin. Mawuli ne ya zaɓe ta.

Ya ajiye kwalbar. "Bar ta. Ni zan sauka daga kan wayfan, har da ƙanwar tawa."

Sauran kayan Mawuli na rabar tuntuni. Akwatin kam yana falonmu ni da mijina Fo Yaovi, lambar tana yadda take, wayoyi goma sha tara.