Dutsen Tambaya

Gumi ya jiƙe rigar Fatihu, amma bai sauke waya ba. Mabiyansa suna kallo kai tsaye, kuma ya rantse musu yau sai ya hau Dutsen Tambaya, wanda ya ji direbobi suna cewa duk Bunkure babu kamarsa.

Ya bi bakin kanal ɗin ban ruwa cikin zafin bazara, igiya a kafaɗa. Duk manomin da ya tambaya sai ya ce, "Miƙe gaba."

Can ya tarar da wani dattijo a rumfa yana goge babbar riga.

"Baba, ina Dutsen Tambaya? Hawa na zo yi."

Dattijon ya ɗaga dutsen guga, garwashi jajir a ciki.

"Ni ne Tambaya. Bismillah, ɗana, amma bari ya huce."